Gyaran CB500X don hanyoyin karkara

Malam, ka tambaya ko salansa za ka fara canza wa babur ɗinka Honda CB500X. Ka bar salansar nan tukuna, ƙara kawai za ta ba ka. Injin 471cc ya isa hanyar Zariya zuwa Kano har da kaya a baya.

Fara da taya mai haƙora, don ta kamfani santsi take yi a laka idan damina ta kankama a ƙauyukan Giwa. Sai farantin ƙarfe ƙarƙashin inji, domin babur ɗin bai da tsayi sosai, dutse ɗaya zai iya fasa maka tukunyar baƙin mai.

Da hunturu kuwa, riƙa buɗe matatar iska. Za ka tarar ta yi jawur da ƙura, ita ke shaƙe inji.