Wa ya ba mai bishara izinin fita?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko izinin yin bishara daga fasto yake fitowa. Tushensa Matiyu 28:18-20 ne: Yesu ya ce an ba shi dukkan iko a sama da ƙasa, sannan ya ce a je a almajirtar da al'ummai.

Amma ikkilisiya ke tabbatar da kiran. A Ayyukan Manzanni 13, Ruhu Mai Tsarki ya keɓe Barnaba da Shawulu, 'yan'uwa a Antakiya suka yi azumi da addu'a, suka ɗora musu hannu. Matsalar a nan Kano ita ce mutum ya fita daga Sabon Gari ba wanda ya aike shi, ya ɓige da zagin addinin maƙwabta. Fara samun dattawan majami'arka tukuna.