Kwamfuta ta kama wuta amma monita baƙi ƙirin: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kayan kwamfutar tebur ɗai-ɗai na haɗa da kaina: firosesa Ryzen 5 5600, madabod B450, RAM biyu masu 8GB, da katin girafik na hannu. In na kunna, fankoki na juyawa, fitilu na ci, amma monita sai ta rubuta "No Signal". An ce mini madabod ɗin ne ya ƙone. In sayi wani? Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna, ɗan'uwa. Da wuya sabon haɗi ya zamana madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa, shi ne ya ƙone. Galibi wani abu ne bai zauna daidai ba.

Leƙa bayan akwatin ka ga inda ka soka wayar monita. Ryzen 5 5600 ba ta da sashen nuna hoto a cikinta, sai irinta masu harafin G a ƙarshe, kamar 5600G. Saboda haka ramin HDMI da ke jikin madabod ba zai ba ka komai ba. Dole wayar ta shiga katin girafik, wato ramukan da ke ƙasa a kwance. Haka abin yake ga firosesar Intel mai harafin F, kamar i5-12400F. In monitarka tsohuwa ce mai VGA, ka tabbata abin juyin da ka saya daga HDMI zuwa VGA ne, don ba ya aiki a baibai.

Kafin ka sa hannu ciki, zare wayar wuta, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma, sannan ka taɓa ƙarfen akwatin. Da hunturun Zariya jiki na tara wutar nan da ke ɗan fisgar mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata RAM.

Wayoyi uku na fawa-fak, wato ƙaramin akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, za ka duba: babbar mai haƙori 24, mai 8 ta firosesa da ke can sama ta hagu, wadda ita aka fi mantawa, da ta katin girafik in yana da ramin. Biyun ƙarshe sun yi kama. Ta firosesa tana rabuwa 4 da 4, ta girafik 6 da 2. In ka ga sai da ƙarfi take shiga, ba wurinta ba ne.

Sai RAM. Cire duka biyun, goge haƙoran zinaren da abin goge fensir, ka mayar da guda ɗaya tak a rami na biyu daga firosesa, wanda aka rubuta wa A2. Danna har ka ji ƙas. In bai tashi ba, gwada ɗayan. Idan madabod ɗinka na da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale.

In fitilar CPU ce, ko duk wannan bai yi ba, mun fi zargin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta. B450 ya fito a 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020, don haka wanda ya daɗe a shago bai san firosesarka ba. Wasu madabod suna da maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filash mai tsarin FAT32 ko babu firosesa. In naka ba shi da shi, kai wa masu gyara a Sabon Gari ko PZ su ɗora tsohuwar Ryzen, irin su 3200G, su sabunta, a mayar da taka. Kada a soma sai a kan UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko inbata. Aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin, to a nan ne fa za ka sayi sabon madabod ɗin da gaske.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Tudun Wada. Kwamfutar da ƙanena ya haɗa mini takan mutu bayan minti biyu zuwa biyar, wani lokaci ta sake tashi da kanta. Ta fi yin haka a kan janareto.

Amsa: Hajiya, abu biyu ne ke kawo wannan, zafi ko wuta. Ki sa a shiga BIOS da maɓallin Del ko F2 a kalli zafin firosesa. In yana ta hawa har ya haura digiri 90 ba a aikin komai, a cire fankar firosesa a duba ƙasanta. Sabuwa takan zo da siririyar leda a manne, kuma da yawa sukan ɗaura da ita a haka. A ɓare ta, a goge tsohon man sanyaya da ke tsakanin firosesa da fankar da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure sukurorin huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan. Wayar fankar ta shiga CPU_FAN.

Amma tunda kin ambaci janareto, mun fi karkata ga wuta. Injin fotokwafi da na lamineshin suna fisgar wuta da yawa idan suna ɗumama, ƙaramin janareto ya durƙusa na ɗan lokaci, kwamfuta ta faɗi. Ki gwada yini guda da kwamfutar ita kaɗai a kai. In ta zauna lafiya, UPS kike buƙata. In ba ta zauna ba, a auna fawa-fak da mita: wayar rawaya ta ba da bolt 11.4 zuwa 12.6, ja kuma 4.75 zuwa 5.25. Ya kauce wa haka, a canza shi da mai suna, ba irin marar nauyin nan da ke zuwa kyauta da akwati ba. Kada kowa ya buɗe cikin fawa-fak, yana riƙe wuta ko an zare shi.

Tambaya: Kullum da safe in na kunna kwamfutata sai ta ce in danna F1, agogo ya koma baya, jiya kuma ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Daga Kwangila.

Amsa: Batirin madabod ne ya mutu, Malam, ɗan fai-fai ɗin nan mai lamba CR2032, bolt 3, ana samunsa wajen masu gyaran agogo. Mutuwarsa ce ta goge saitin. Canza batirin, gefen mai alamar + yana sama, ka shiga BIOS ka gyara kwanan wata, ka sa Windows Boot Manager a farko. In bai fito a jerin ba, mai yiwuwa an saka Windows ɗin a tsohon tsari ne. Kunna CSM, wato saitin BIOS da ke karɓar tsohon tsarin, ka zaɓi sunan diskin kai tsaye, ka adana da F10.