Ku Tambaya Mu Amsa: Sun hana ni ɗaukar ɗana a waya amma su sun sa hotonsa a talla

Wannan satin wasiƙun da suka fi yawa duk a kan makarantun kuɗi ne da batun hoto a wajen wasanni, sai na tsamo huɗu daga ciki. Na cire sunayen mutane da na makarantu kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya kuma wallahi raina a ɓace yake. Yarona ɗan shekara 11 yana wata makarantar kuɗi, satin da ya wuce suka yi inta-haus shi ya zo na ɗaya a gudun mita 100, na ɗaga waya zan ɗauke shi kenan sai wata malama ta zo ta ce in sauke wai dokar makaranta ce ba a ɗaukar hoto saboda sirrin yara, na sauke ban ce uffan ba. To bayan kwana uku sai ga hoton yaron nan a shafinsu na Facebook da cikakken sunansa har da ajinsu, yanzu ma na ji wai za su buga shi a allon tallan admishan. Ni da na haife shi ba ni da iko, su suna da shi kenan? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da nasarar yaro, Allah ya raya mana shi. Maganarki biyu ce a haɗe, a ta farko makaranta tana da ɗan abin cewa, a ta biyun kuwa gaskiyarki ce ɗari bisa ɗari.

Hana ki ɗauka ba lallai wulaƙanci ba ne. Ke ɗanki kike kallo amma kamara ba ta san ɗanki ba, duk yaran da ke layin nan sai ta kwashe su, kuma a cikin yara ɗari ba a rasa wanda iyayensa ke shari'a a kan riƙonsa, ko wadda uwarta ta gudo da ita daga wani mugun mutum ba ta so a san inda take karatu, malamai sun san da su ke ba ki sani ba kuma ba za su iya faɗa miki ba. Fili nasu ne, suna da damar su sa sharaɗi ga duk wanda ya shigo get. Sai dai kar su ce miki wai dokar ƙasa ce ta hana, galibi ba haka ba ne. A Birtaniya ma inda ake tsaurara maganar bayanan mutane, hukumar ICO da ke kula da wannan ta sha bayyana cewa hoton da iyaye suka ɗauka ranar wasan makaranta don ajiyewa a gida dokar kare bayanai ba ta hana shi ba. Tsarin makaranta ne kawai, tsari kuwa ana zama a gyara shi a taron iyaye da malamai.

Amma fa makarantar da ta ce ki sauke waya saboda sirri sannan ta ɗauki fuskar yaron da sunansa da ajinsa ta watsa wa duniya, ai gwano ne ba ya jin warin jikinsa. Naki bidiyon da a wayarki zai kwana, iyakarsa dangi su gani, nasu kuwa kowa da kowa ne zai gani, kuma ki lura da abin da suka haɗa wa baƙo a faranti ɗaya: ga fuska, ga suna, ga aji, ga bajen makaranta a ƙirjin riga. Mai mugun nufi me ya rage masa? Ya tsaya bakin get lokacin tashi ya kira yaron da sunansa kamar ya san shi.

Yanzu ki koma ki nemo fom ɗin da kika sa wa hannu ranar da kika kai shi, zan iya rantsuwa akwai wani layi can ƙasa da ƙananan rubutu da ya ce kin yarda a yi amfani da hotonsa "don harkokin makaranta". Mu duka haka muke, muna sauri mu sa hannu mu biya mu tafi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne a makarantar kuɗi wannan takardar sau da yawa ta fi komai nauyi. Dubi Amurka, suna da dokar FERPA tun 1974 da ke kare bayanan ɗalibai, amma makarantun da ke karɓar kuɗin ma'aikatar ilimi ta tarayya take hawa, yawancin firamare da sakandare masu zaman kansu ba ta shafe su ba. Ko a inda ta shafa ma ta yarda makaranta ta fitar da sunan ɗan wasa da tsayinsa da nauyinsa sai dai in iyaye sun ce ba su yarda ba.

Duk da haka sa hannu ba auren dole ba ne. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, da ta fara aiki a 2018, da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, duk sun ba mutum damar janye amincewar da ya bayar, ta Najeriyar kuma ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Ki rubuta wa firinsifal takarda, ba a baki ba, ba kuma a guruf ɗin iyaye na WhatsApp ba inda za a mai da shi cacar baki, ki ce a cire suna da ajin daga shafin, kuma ba ki yarda a sa shi a allon talla ba, ki riƙe kwafi. In ma kina so a bar hoton to ki bari amma ya zama ke kika zaɓa. Sannan ki tambayi yaron shi ma, ɗan shekara 11 ya san abin da zai sa abokansa su yi masa dariya fiye da ni da ke.

TAMBAYA: Malam ni matashi ne ina da shafin labarin wasanni, mabiyana sun kusa dubu goma. Na je ɗaukar fainal ɗin ƙwallo tsakanin wasu makarantun kuɗi biyu maigadi ya ce ba zan shiga da kamara ba sai da takarda. Ina 'yancin 'yan jarida yake? Yaran nan fa tallata su zan yi.

AMSA: Ɗan'uwa, 'yancin 'yan jarida kariya ce daga hukuma kar ta toshe maka baki, bai zama makullin buɗe get ɗin kowa ba. Maigadi aikinsa ya yi. Da ka aika takarda sati ɗaya kafin ranar, ka faɗi ko kai waye, ina za ka saka hotunan, ka ce ka yarda su nuna maka yaran da ba a so a ɗauka, da wuya su ƙi ka don su ma suna son a gan su. In an bar ka, ka tsaya inda aka ajiye ka, kar ka bi yara ɗakin canja kaya ko bayan aji wai hira, hira da yaro a gaban koci ko malami ake yinta, kar ka saka lokaci da wurin atisayensu, yaron da ya karye yana kuka ko yarinyar da rigarta ta zame kar ka ɗauka ko da zai kawo maka layik dubu. Wani abu kuma, hoton waya yana iya ɗauke da bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil ɗin, in ka tura wa mutum shi a matsayin dokumen bayanin yana binsa, ka kashe lokeshan na kamara kafin ka fara.

Inda zan goyi bayanka ɗaya ne, kuma a nan ba na raga wa makarantu. Akwai waɗanda ba sa tuna kalmar sirri sai ranar da abu ya lalace, yaro ya suma a fili babu ko akwatin agajin gaggawa, ko an zargi koci da taɓa yara, sai ka ji wai ba za mu yi magana ba saboda sirrin ɗalibai. Wannan sirrin makaranta suke karewa. Kana iya ɓoye sunan yaron da fuskarsa ka kuma tambayi masu makarantar abin da suka yi da abin da suka ƙi yi. Ka tuna da Larry Nassar, likitan ƙungiyar wasan jimnastik ta Amurka da ya shafe shekaru yana lalata da 'yan mata 'yan wasa, 'yan jaridar Indianapolis Star ne suka tono maganar a 2016 bayan manyan da ya kamata su tsawatar sun yi gum, a 2018 mata sama da 150 suka tsaya gaban kotu suka faɗi abin da ya yi musu, aka yanke masa shekara 40 zuwa 175.

TAMBAYA: Salam Malam. Ɗana shekararsa 15, makarantarsu ta sa bidiyon ƙwallayen da ya ci, sai wani ya bi shi ta Instagram ya ce shi ejan ne zai kai shi Turai, wai yaron ya tura masa hoton fasfo da takardar haihuwa. Yaron ya ɓoye min sai ƙanwarsa ce ta faɗa. Kocinsu ma yana yawan yi masa magana ta waya da daddare. Ya zan yi?

AMSA: Alhaji kar a tura ko shafi ɗaya. Dokar FIFA, sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙar 'yan wasa, ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa kulob ɗin wata, sai 'yan togaciya kaɗan, kamar iyayensa su koma can saboda dalilin da ba ƙwallo ba, ko ɗan shekara 16 zuwa 18 da ke sauyawa a cikin ƙasashen Tarayyar Turai. Ba wasa ake da ita ba, Barcelona an hukunta ta a 2014, Real Madrid da Atletico a 2016, Chelsea a 2019, duk aka hana su sayen 'yan wasa na wani lokaci a kan ɗaukar yara. To wanda zai yi abin da ya gagari Barcelona ta inbox ɗin yaro ɗan 15, kai ma ka san biri ya yi kama da mutum. Ejan na gaskiya uba yake nema da makaranta, kuma yana da lasisin da za a iya dubawa.

Ka yi sikirinshot na hirar tasu kafin ku toshe shi, ka kai wa makaranta su sani cewa bidiyonsu ne ya jawo, wataƙila ba ɗanka kaɗai ya bi ba. Kar ka daki yaron, mafarkinsa aka yi amfani da shi, in ka dake shi gobe ƙanwar ma ba za ta sani ba.

Maganar koci ba na zargin kowa, amma tsarin da cibiyar SafeSport ta Amurka mai kare 'yan wasa daga cin zarafi ta shimfiɗa mai sauƙi ne kuma kowace makaranta za ta iya ɗauka: babba ba ya keɓewa da yaro inda wani ba zai gan su ba, saƙon waya kuma sai da iyaye ko wani babba a ciki. Ka ce wa kocin cikin mutunci daga yau duk saƙon atisaye ya biyo ta lambarka ko ta guruf, sai ka duba yadda zai karɓi maganar.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce shekarata 16, na faɗi a gudun ba da sanda wata 'yar ajinmu ta ɗauka ta sa a TikTok da waƙa, yanzu kowa dariya yake min har na ce na daina gudu.

AMSA: Sannu 'yata, faɗuwa a fili ba abin kunya ba ne, wanda bai taɓa faɗuwa ba bai taɓa gudu ba. Ki fara yi mata magana ke da ita ki ce ta cire, in ta ƙi ki faɗa wa mamanki da malamar da kika fi sakin jiki da ita, tunda a filin makaranta aka ɗauka dole su shiga maganar, makarantar da ke da dokar hana iyaye ɗaukar hoto ba za ta ce wannan ba ruwanta ba. A cikin manhajar ma akwai wajen kai ƙara a kan cin zarafi, ki danna ki nuna cewa ke ce a bidiyon, ki sa ƙawayenki biyu uku su ma su kai. Ranar atisaye mai zuwa ki je ko da zama za ki yi a gefe, sannan ki sake rubuto min in ji ko an cire.