Tambaya da Amsa: Kalmar "Wave"

Tambaya: Malam, mece ce ma'anar kalmar Turanci "wave", kuma daga ina ta samo asali?

Amsa: Asalinta "wafian" ne a tsohon Turancin Ingila, wato kaɗawa ko motsi gaba da baya. Sai a ƙarni na 16 aka fara kiran igiyar ruwa da ita, inda ta maye gurbin tsohuwar kalmar "wawe". A yau tana nufin ɗaga hannu don gaisuwa ko ban kwana, amma a ganina amfaninta a kimiyya ya fi faɗi, domin da ita ake bayyana tafiyar sauti da haske da saƙon rediyo, har ma abin da ake kira gajeren zango "short wave" ne a Turance.