Tarwada Ce Ko Ramboshi, Kuma Ana Cin Talibambam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayen kifi a hannun masu kawowa daga Lagdo, kuma sau da yawa sai a ce mini ramboshi ne, a tsuga kuɗi, alhali ni a idona tarwada ce. Yaya zan bambance su? Sannan kwanan baya na tarar da wani ɗan kifi mai ratsi-ratsi a cikin tsibin da na saya, wanda yara suka ce idan an taɓa shi da rai kumbura yake yi. Ana cinsa kuwa?
Daga wata uwargida a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ke kaɗai ke wannan rikicewa ba, domin tarwada da ramboshi 'yan gida ɗaya ne: dukansu ba su da ɓawo, suna da faffaɗan kai mai tauri da gashin baki guda takwas, kuma suna iya shaƙar iska, shi ya sa za ki gan su suna motsi a cikin daro sa'o'i bayan an fito da su daga ruwa. Kada ki dogara da launi ko girma, don launi yana bin ruwan da kifin ya tashi a ciki, girma kuma yana bin shekaru.

Abin da za ki duba shi ne gadon baya. Ita tarwada fiffiken bayanta guda ɗaya ne dogo, wanda ya taso daga bayan kai ya tafi har dab da wutsiya, kuma idan kika shafa shi da yatsa za ki ji siraran ƙasusuwa jere a cikinsa tun daga farko har ƙarshe. Shi kuwa ramboshi nasa kashi biyu ne: na gaba mai ƙasusuwa ya tsaya a wajen tsakiyar baya, sannan wani tattausan tozo na tsoka da kitse ya ɗora daga nan zuwa wutsiya. Ko a banda wannan alama ba ta ɓacewa matuƙar ba a daddatsa kifin ba, sai dai tozon yakan motse saboda wuta, don haka yatsa ya fi ido amfani. Masu kiwon kifi kan haɗa irin biyun su sami ruwa-biyu mai ɗan guntun tozo, kuma a ganina bai kamata a sayar da wannan a kan kuɗin ramboshin kogi ba. Dukansu dai lafiyayyen abinci ne idan sun dahu sosai. Illar rikita su a aljihu take tsayawa.

Akwai wasu masu gashin baki da kan shigo cikin tsibi. Kurungu gajere ne, yana da ƙayoyi uku masu tauri, ɗaya a baya biyu a gefe, waɗanda yake kafewa idan an kama shi. Ana cinsa, amma a karya ƙayoyin kafin a fara gyara, domin sukarsu tana da raɗaɗi. Minjirya kuma jikinta luɓus ne, idanunta ƙanana, ba ta da fiffike mai ƙashi a baya sam, kuma haɗarinta na jan lantarki yana ƙarewa da mutuwarta.

Kifin da yaranki suka kwatanta talibambam ne, wanda ake samu a kogunan Binuwai da Logon da Shari, da kuma Tafkin Cadi. Ban da kumburin, ana gane shi da ratsin da ya bi tsawon jikinsa, da bakinsa mai manyan haƙora huɗu da suka haɗu kamar bakin aku, waɗanda yake fasa katantanwa da su. Shawarata ita ce kada ki ci, kada kuma ki jefa wa kaji ko kyanwa. Dangin wannan kifi an san su da tara guba, musamman a hanta da ƙwai da fata, kuma guba ce da tafasa ko suya ko ƙyafewa ba sa kashewa. Za ki ji wani masunci ya ce ya feɗe ya ci bai ga komai ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, domin yawan gubar yana bambanta daga kifi zuwa kifi gwargwadon abin da ya ci, amma babu wata alama a jiki da za ta nuna miki wanne ne mai ita. Malaman Malikiyya sun halatta abin da ke rayuwa cikin ruwa, sai dai halaccin bai shafi abin da zai cutar da mai cinsa ba.

Idan har wani ya riga ya ci, alamar farko ita ce leɓe da harshe su mutu, sannan amai da kasala da sarƙewar numfashi su biyo baya, wani lokaci cikin mintuna kaɗan. A garzaya da shi asibiti nan take ba tare da tsayawa ba shi manja ko madara ba, domin gubar ba ta da makari, taimakon numfashi ne ke ceton rai. Sauran kifin da kika saya a tsibi ɗaya da shi ba su da matsala muddin ba a fasa cikinsa a kansu ba. Ki ware shi, ki wanke su sosai, shi kuma a binne shi inda dabba ba za ta tono ba.