Filin wasa na Accra: shin in bar ɗana ya je?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, a unguwar Nima ta Accra nake zaune. Ɗana yana son zuwa kallon wasan mawaƙa a babban filin wasa na Accra, ni kuwa tun abin da ya faru a 2001 ko ta bakin wurin na bi sai gabana ya faɗi. Yana ce mini an sāke ginin, kuma waɗanda suka mutu a lokacin rashin natsuwarsu ce ta sa suka tattake juna. Don Allah a ba ni tarihin filin nan, a kuma gaya mini ko in bar shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tsoronki yana da tushe, domin unguwarku na cikin waɗanda suka fi ɗaukar gawa a makon da abin ya faru.

An gina filin ne a unguwar Osu a farkon shekarun 1960, zamanin Kwame Nkrumah. A nan Ghana ta ci Sudan 3-0 ta ɗauki kofin Afirka a 1963, ta sake ɗauka a 1978 bayan ta doke Uganda 2-0. Ba ƙwallo kaɗai aka yi a cikinsa ba: a 1976 D.K. Poison ya rasa kambunsa na damben duniya a hannun Danny Lopez a nan, a 1988 kuma Azumah Nelson ya kare nasa a gaban mutanen gida. An sa wa filin sunan Ohene Djan, tsohon shugaban wasannin Ghana, a 2004, daga baya aka mayar da tsohon sunan saboda ƙorafin al'ummar Ga, 'yan asalin Accra. Da gasar kofin Afirka ta 2008 ta ƙarato aka yi masa gagarumin gyara, ya koma ɗaukar mutum kusan 40,000, kuma a nan Masar ta ci Kamaru 1-0 a wasan ƙarshe. To a batun gyara ɗanki ya yi gaskiya.

Maganarsa ta biyu ce ba zan bari ta wuce ba, don ita nake ji kullum daga bakin masu shirya taro, kuma ita ce ke kashe mutane.

Ranar Laraba 9 ga Mayu, 2001, ƙungiyar ƙwallo ta Hearts of Oak ta karɓi Asante Kotoko. Kotoko na gaba da ci ɗaya, sai Ishmael Addo na Hearts ya zura biyu dab da tashi. Magoya bayan Kotoko suka ce an yi satar gida, suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Wanda hayaƙin nan ya shiga idonsa da maƙogwaronsa ba abin da zai yi sai neman hanyar fita. Hanyar kuwa matakala ce ƙunƙuntacciya, a ƙarshenta ƙofa a kulle. Na gaba suka tokare da ƙarfe, na baya ba su san an kulle ba suna ta sauka. Mutum 126 suka rasu a ƙidayar hukuma.

Galibinsu ba tattake su aka yi ba, Hajiya. Numfashi ne ya gagare su. Idan mutum shida ko fiye suka cushe a wurin da bai wuce mita ɗaya tsawo da faɗi ba, ƙirji ba ya samun damar buɗewa. Mutum na tsaye da ƙafarsa zai suma, cikin 'yan mintuna rai ya yi halinsa, bai ko faɗi ƙasa ba. Babu natsuwar da ke hana wannan. Ko limamai aka tara a wannan matakala aka kulle ƙofa aka watsa musu hayaƙi, abin da zai faru ke nan. Kwamitin bincike na Sam Okudzeto ya ɗora laifi a kan matakin da 'yan sanda suka ɗauka. An gurfanar da jami'ai shida, kotu ta sallame su.

Abin da ya sa nake jin zafin kalmar "turmutsitsi" idan an faɗe ta an yi shiru shi ne tana mayar da laifi kan mamaci. Da zarar mai shirya taro ya yarda cewa jama'a ne matsala, maganin da zai kawo shi ne ƙarin kwaɗo da sarƙa da 'yan kulki. Na sha zama da masu kula da filaye ina tambayar dalilin kulle ƙofar fita ana tsakiyar wasa. Amsar ba ta sauyawa: kada marasa tikiti su kutsa. Wato don kuɗin tikitin yara ashirin za a rufe dubban mutane. In ka tambayi wanda ke riƙe da makulli, sai a ce yana wajen oga, ogan kuma yana can rumfar manya. Takardar izini tana nan da hatimi, amma wanda ya sa mata hannu bai taɓa taka matakalar ba.

Kuma ba a koyi darasi ba. Wata guda kafin na Accra mutum 43 sun mutu a filin Ellis Park na Johannesburg. A Janairun 2022 mutum 8 suka rasu a ƙofar filin Olembe na Yaounde. A Oktoban 2022 aka maimaita na Accra sak a filin Kanjuruhan na Indonesiya, hayaƙi da ƙofofin da ba su wadatar ba, mutum 135 suka tafi, alhali dokokin FIFA sun hana amfani da hayaƙin a cikin fili. Duk wanda ya ce miki ƙaddara ce kawai, ki ce masa mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya sa kwaɗo a ƙofa zai amsa tambaya gaban Allah.

Wasan mawaƙa yana da nasa haɗarin da ya wuce na ƙwallo, domin ana sauko da jama'a tsakiyar fili inda babu kujera, kowa na dannawa gaban dandamali, da dare kuma.

Idan za ki bar shi, ki kafa masa sharaɗi. Ya sayi tikitin kujera, ya je da wuri kafin a cika ƙofa. Da shigarsa ya duba ƙofar fita biyu, ya tabbatar a buɗe suke. In ya ga sarƙa a kansu ya dawo gida, asarar kuɗin tikiti ba komai ba ce. In ya ji an fara matse shi, tun kafin ya kasa ɗaga hannu, ya dunƙule hannayensa a gaban ƙirji, kada ya yi kokawa da taron, ya riƙa zamewa gefe a hankali, kuma kada ya sunkuya ɗaukar waya ko takalmi. In an tashi ya zauna a kujerarsa sai matakala ta yi sauƙi, sannan ya kira ki ya kamo hanya.