Dutsen da Ba Ya Shan Ruwa

Jiya muna sauke falen dutsen giranet na shimfiɗa teburin kicin ɗin nan ka ce mini, "Maigida, ai giranet giranet ne, me ya sa kake juya kowanne kana zuba masa ruwa a baya?" Hannuna cike yake a lokacin. Ajiye garandar nan ka zauna.

Akwai wani tsibiri a gaɓar yammacin Sukotland, Elsa Kireg sunansa, kilomita 16 daga tudu. Dunƙulen dutse ne guda tsaye a cikin teku, tsawonsa ya kusa mita 340, ragowar maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta. A da akwai masu fasa dutse da masu kula da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gama a 1886. A 1990 fitilar ta koma kunna kanta, mutane suka tattara, aka bar wa tsuntsaye wurin.

Daga wannan tsibirin ake ɗebo dutsen wani wasa da suke yi a kan ƙanƙara: a tura mulmulallen dutse mai kusan kilo 20, ya sulala, ya je ya buge na abokin hamayya. Kamfanin Kays, wanda aka kafa a 1851, shi ke sassaƙa su, har waɗanda ake gasar Olamfik da su.

To buɗe kunnenka, nan ne zancen. Dutsen wasa ɗaya, amma giranet iri biyu ake haɗawa, duka daga tsibirin. Gangar jikin da koren dutse ake yinta, don yana jure karo, a buga shi shekara da shekaru bai tsage ba. Gindin kuwa, siririn zoben da ke gogar ƙanƙara, da wani mai ruwan shuɗi ake yi. Ƙwayarsa ƙanana ne ƙwarai, a matse, ruwa ba ya samun ƙofar shiga. Ka san ruwa in ya daskare kumbura yake yi. In ya ratsa dutse ya daskare a ciki, sai ya riƙa ɓantarar fuskar kaɗan kaɗan har ta yi ramuka kamar zanzana, dutsen ya daina tafiya daidai. Ka ga kuwa mutanen da suka shekara sama da 170 a sana'a ba su ce dutse dutse ne ba.

Ɗebowar ma ba kullum ba. Ba a sa nakiya, waɗanda suka riga suka ɓalle ake kwasa, sai an shekara da yawa a koma, kuma sai tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa. Akwai wani babban farin tsuntsun teku, ganet, dubbai ne ke sheƙa a jikin dutsen. Akwai kuma wani ƙarami mai jan baki da ke ƙwai a rami. Ɓerayen da suka shigo ta jirgin ruwa sun kore shi ƙaf, sai da aka gama da ɓerayen a 1991 ya fara dawowa.

Mu nan ba ƙanƙara ce damuwarmu ba, manja ne da romon miya. Ina sabon shiga na taɓa shimfiɗa wa wata baiwar Allah farin dutse mai manyan ƙwayoyi a gefen murhu, don ya yi mini kyau a ido. Wata biyu ta kira ni. Gindin galan ɗin manja ya zana zobe ja, na goge, na wanke, na sa hoda, ko gezau. Daga aljihuna na sake mata wani.

Fuskar fale an goge ta ta yi sheƙi, ba za ta gaya maka gaskiya ba, shi ya sa nake juya bayan. Gobe kafin mu yanka, ɗauki ruwan leda ka ɗiga wa kowanne, ka ba shi minti 10. Wanda wurin ya yi duhu ya sha ruwa ke nan, jingine shi gefe, na matakala ne. Sannan ka ƙwanƙwasa sauran da ƙotar guduma, wanda ka ji muryarsa ta dishe, wataƙila da tsaga a ciki, ka kira ni in gani.